Kalmar da Na Ɓoye wa Baba Har Italiya

Tun da muka dawo daga Italiya ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai tambaya, a bakin masallaci tambaya, ranar kasuwar Tsanyawa kuwa da ƙyar nake samun sayen manja saboda masu tare ni. Wani ya ce wai rana ba ta fitowa a can, wani ya ce wai an naɗa Baba sarauta. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu kowa yana ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da ban so a sani ba.

Ga wanda bai san mu ba, sunana Habu, ina koyar da Turanci a firamaren ƙauyenmu, arewa da Tsanyawa. Mahaifina ɗan kama ne. A kasuwannin Tsanyawa da Kunci da Dawakin Tofa ba wanda ya san sunansa na yanka, Sha-Romo ake ce masa. Jar hula, takobin katako, 'yar ganga a hammata, ya ɗauko waƙar da kowa ya sani ya juye ta ta koma ta tuwo da miya. Yana noma gonarsa kamar kowa, amma mutane ba sa ganin wannan. Ina yaro an sha kirana ɗan malalaci, wanda ubansa ya ajiye fartanya ya kama ci da baki. Tun da na shiga kwalejin horon malamai na daina bi ta inda yake wasa. In na jiyo gangarsa a layin 'yan hatsi, sai in zaga ta layin 'yan tumaki. Duk takardar da aka ce in rubuta sana'ar uba, manomi nake rubutawa.

Shekarun nan kuwa kun san su, ba sai na tuna muku ba. Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, rumbuna suka zama fayau, sabulu ma sai an bi layi. Mutumin da bai karya ba ba ya yi wa ɗan kama kyauta. Baba ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma bai fasa fita kasuwa ko sau ɗaya ba.

A cikin wannan hali takarda ta zo ta hannun hedimastanmu. Wata Baturiya ce ta rubuto, sunanta Kiyara, mijinta ya taɓa aikin hanya a yankinmu. Ta ce wata rana ta tsaya a kasuwar Tsanyawa ta ga Baba yana wasa har ta ɗauki hotonsa. Garinsu suna taron masu wasan ban dariya duk shekara, suna gayyatar Baba da mutum ɗaya da zai yi masa tafinta, jirgi da masauki duk a wuyansu. Da Turanci ta rubuta, Turancin kuwa ya sha wuya a hannunta, kusan kowane layi da kuskurensa. A layin ƙarshe ta ce sun ƙagu Baba ya zo ya nuna musu lazzi ɗinsa.

Na karanta kalmar sau uku. Ni fa malamin Turanci ne, jan biro ba ya barin aljihuna. Nan take na gyara mata a raina: lazy take son rubutawa, wato malalaci, hannunta ya zame kamar yadda ya zame a sauran layukan. Ashe maganar da ake yaɓa mini a filin makaranta ta haye teku. Za a ɗauko tsoho daga gidansa a tsayar da shi gaban Turawa ya nuna musu lalaci, su sha dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na sami Baba a zaure yana tufka igiyar rama. Ya ce, "Malam, me suka ce?" Malam yake ce mini tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana. Na fassara masa komai, da na zo ƙarshe na ce, "Sun ce ka zo ka nuna musu gwanintarka." Ya ce to madalla, ya karɓi takardar ya ninke ya sa a cikin hularsa. Kwana uku ina kawo masa dalilan zama: sanyi, tsufa, sharar gona. A rana ta huɗu ya ce, "Zan je, kuma kai za ka kai ni." Ba zan ɓoye ba, ni ma ina son ganin ƙasar Turawa. Sai na ƙudura a raina cewa ba zan bari ya ji wannan kalmar ba, kuma ranar da na ga an fara wulaƙanta shi, zan kama hannunsa mu bar musu garinsu.

Wahalar fasfo da biza ba zan gajiyar da ku da ita ba. Abin da zan faɗa kawai, sau huɗu mai hoto yana ɗaukar Baba, domin duk lokacin da ya ce a tsaya cak sai Baba ya murguɗa baki, mai hoto ya girgiza da dariya. A fasfon kuwa, wurin sana'a, kun san abin da na rubuta.

Ranar tafiya muka hau ƙaramar bas daga Tsanyawa, mu goma sha da yawa da buhun albasa da tunkiya a ƙarƙashin kujera. Kafin mu kai Bichi Baba ya tsiri hira da tunkiyar, yana tambayarta ko tana da saƙo zuwa ga danginta na Turai. Mota ta kaure da dariya, har direba ya rage gudu. Ni dai na manna fuskata a taga ina kallon gonaki, gona na bin gona, duk an yi shara ana jiran ruwa. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ce, "Malam, tsohon nan naka ne?" Na ce, "Tare muke." Baba yana ji na, ya ci gaba da hira da tunkiyarsa.

Daga filin jirgin Kano muka tashi. Baba ya yi ta salati har jirgi ya daidaita, sannan ya leƙa ƙasa ya ce ashe daga sama duk gonakin mutane ɗaya ne, ba a ganin ta mai gari. Da aka kawo abinci a ɗan faranti mai ɗakuna ya cinye har da gishirin takarda, ya dubi ma'aikaciyar da idon maraya. Ba Hausa ba Turanci ta koma ta kawo masa wani.

A Rum, babban birnin Italiya, zufa ta fara karyo mini. Jami'in kwastan ya buɗe jakar Baba ya jera kayan a tebur: buta, ganga, jar hula, ƙullin yaji, kilishin da Inna ta naɗe mana, sai takobin katako. Ya dubi fasfo ya tambaye ni yadda aka yi manomi yake yawo da takobi. Ina cikin kame-kame suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu, suka ture kilishin gefe. Sai Baba ya cire hula, ya durƙusa gaban kilishin, ya shiga yi masa bankwana kamar mai rakiyar maniyyaci, yana share hawayen ƙarya yana lasar yatsa. Jami'in ya riƙe ciki, ya kira abokin aikinsa yana nuna Baba yana faɗin wata kalma da na ji kamar "latsi".

Baba ya taɓa ni ya ce, "Malam, latsi ya ce? Ashe su ma sun san ɗan latsi." Na ce e, haka ya ce. A raina kuwa na ce kalmar takarda ce, harshensu ne ya lanƙwasa ta. Ko ƙofar ƙasar ba mu wuce ba an fara.

Kiyara tana jiranmu a waje, doguwa, mai furfura a goshi. Gaisuwarsu sai an haɗa kunci da kunci, ta nufo Baba da hannu a buɗe. Baba ya zille ya tsuguna irin gaisuwarmu ta girmamawa. Ita kuma da ta tuna zamanta a Kano sai ta tsuguna ita ma. Suka yi ta "sannu, sannu" a tsugune a tsakiyar mutane, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara miƙewa, matafiya suna zagaye su da akwatuna.

Jirgin ƙasa ya kai mu arewa, yini guda. Baba bai kula da gine-gine ba, gonaki yake kallo, domin su ma ba su bar ƙasa ko taki ɗaya a banza ba, kamar wajenmu. Da ya ga ruwa yana gudu a kwata tsakanin kunyoyi sai ya ce in tambayi Kiyara ko sun taɓa yin fari. Ta ce fari ba sosai ba, amma yunwa sun san ta, lokacin yaƙi.

An sauke mu a wani ƙaramin gari a gindin duwatsu, a gidan kawun Kiyara, wani tsoho mai suna Anjelo. Ɗan wasa ne tun yana saurayi, yanzu kuma yana ɗinka fuskokin fata da 'yan wasansu suke sawa, shagonsa yana wari kamar rumfar dukawa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna birni, shi kaɗai a gida mai hawa biyu da wani tsohon kare. Wannan ya dami Baba fiye da sanyi. Kullum sai ya ce in tambaya ko dai ya yi wa 'ya'yan wani laifi ne.

Allah ya saka wa Anjelo da alheri. Kafin mu zo ya kwashe naman alade da giya daga ɗakin girkinsa, ya sayo sababbin tukwane, ya kuma zana kibiya da alli a ƙasan ɗakinmu tana nuna alƙibla. A banɗakin akwai wani ɗan kwano mai famfo a ƙasa kusa da masai, Baba ya ce kai, waɗannan mutane sun san darajar alwala, har wurin wanke ƙafa suka gina. Kwana biyu yana yaba musu kafin Kiyara ta gaya mini cewa kwanon na tsarki ne, ni kuma na bar shi a kan fahimtarsa.

Abinci kuwa taliya. Rana taliya, yamma taliya, yau doguwa gobe gajera jibi mai rami. Baba ya ce da ya san taliya za mu ci da ya tsaya a kasuwar Kurmi ta Kano. Yajinsa ne ya cece mu, har Anjelo ya ɗanɗana ya yi ta tari yana neman ƙari. Gahawarsu a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci, a tsaye ake kurɓewa. Cukunsu wani sai ka toshe hanci. Da azahar gari yakan mutu, kowa ya rufe shago ya tafi cin abinci, ko sarki ne ya zo sayayya sai ya jira. Magana kuwa da hannu suke yinta, da ƙarfi, in ka hango biyu suna hira sai ka rantse cinikin sa ne ya ɓaci, alhali a kan miya suke musu.

Tafinta dai aka kawo ni, amma tsofaffin nan biyu ba su neme ni ba. Tun da safe suna shago, wannan ya yi abu wancan ya mayar masa. Wata safiya na ga Anjelo ya sa baƙar fuskar fata, ya zama wani bawa mai jin yunwa. Ya bi ƙuda da ido, ya kama shi, ya cire masa fukafukai a hankali, ya ci shi yana lumshe ido kamar ya sami kaza. Babu ƙudan, amma wallahi na ji kukansa. Baba ya yi dariya har ya zame daga kan kujera, ya tashi ya nuna masa nasa. Ni na fita, kamar yadda na saba.

Ana gobe wasa na bi Kiyara dandalin garin. A jikin bango na ga hoton Baba da jar hularsa, babba, a ƙarƙashinsa an rubuta kalmar nan da manyan baƙaƙe. Ba bango ɗaya ba, duk inda na juya. Sai da muka koma shago na fashe wa Kiyara. Na ce mata da Turanci, "Mahaifina ba malalaci ba ne. Da hannunsa yake noma. Mu takwas ya ciyar, ni ya sa ni a makaranta, shekara biyu ba a yi amfanin gona ba bai bar mu mun kwana da yunwa ba. Gobe ba zai hau muku dandali ba." Ban taɓa faɗin wannan ga kowa ba, sai ga shi na faɗa a ƙasar wasu da harshen da Baba ba ya ji.

Kiyara ba ta gane ba. Na rubuta mata kalmomin biyu a takarda, tata da tawa. Ta fara dariya, da ta ga idona ta haɗiye, ta dafa ƙirji ta ba ni haƙuri, sannan ta fassara wa kawunta. Anjelo bai yi dariya ba. Ya buɗe akwati ya ɗauko wata tsohuwar takarda da ta yi ja, ta kakansa, ya shimfiɗa a kan teburin fata. Yana magana, Kiyara tana juya mini.

Ya ce kalmar ba ta Turancin Ingilishi ba ce, tasu ce, tsohuwa. Ɗaya lazzo, da yawa lazzi. 'Yan wasansu na dā ba a rubuta musu abin da za su faɗa. Takarda ɗaya ake kafawa a bayan labule irin wannan: wane ya shigo, wance ta fita, an yi faɗa. Sai a wasu wurare a rubuta kawai, a nan a yi lazzi. Shi ne ɗan guntun abin dariyar da ɗan wasa ya gada daga maigidansa, ya goge shi shekara da shekaru, yana ɗauke da shi a ka. Cin ƙuda ɗaya ne daga ciki. In labari ya yi sanyi, ko hankalin 'yan kallo ya fara tafiya, sai ya jefa shi. Ya ce ana sanin girman ɗan wasa da yawan waɗanda ya mallaka, kuma shi a rayuwarsa bai ga mai yawan na Baba ba.

Na tambayi asalin kalmar, murya ƙasa-ƙasa. Nan musu ya tashi. Kiyara ta ce daga azione ta fito, kalmarsu ta aiki ko aikatawa, masu rubuta takardun ne suka riƙa gajarta ta. Anjelo ya buga tebur ya ce a'a, daga lacci ne, wato igiyoyin ɗauri, ya nuna igiyar takalminsa, domin su ne suke ɗaure wasa kada ya warware. Suka yi ta yi da hannu, a ƙarshe suka yarda ba wanda ya san tabbas. Ni dai abin da ya tsaya mini, kalmar da na ɗauko tun daga Tsanyawa a kan lalaci ce, in ba aiki take nufi ba to igiya.

Duk wannan Baba yana zaune yana kallonmu. Ya ce, "Malam, me ake ciki?" Ba mafita, na gaya masa komai, har da ƙaryar da na yi masa a zaure. Ya saurara, ya ce to. Sannan ya ce, "Ka gaya musu su daina faɗa. Ni in na ga kasuwa za ta watse mini, shi nake jefawa in ɗaure ƙafar mutane. Mu dai ba mu sa masa suna ba."

Washegari da la'asar dandali ya cika. Aka tsayar da ni a gefen Baba don fassara, ba inda zan zaga. Ya buga ganga, ya yi waƙoƙi biyu na fassara yadda na iya. Sai ya ajiye gangar ya zauna a ƙasa gaban akushin da babu shi. Ya buɗe, tururi ya bugi fuskarsa. Ya wanke hannu, ya gutsuro loma, ta ƙona shi, ya yi ta jefa ta daga hannu zuwa hannu. Zai kai baki ke nan aka yi sallama, ya ɓoye akushin a ƙarƙashin riga, ya shiga gaisawa da baƙon da fara'a tuwo yana gasa masa ciki. Baƙo ya ƙi tafiya. Ban fassara ko kalma ɗaya ba. Mutane suna kwanciya a jikin juna, wata tsohuwa a gaba tana dariya tana share hawaye da gyale. Ni ma ban san lokacin da na fara ba, na dai ji cikina yana ciwo, kuma na tuna ina ɗan shekara shida, ranar da ya kai ni kasuwa a kan kafaɗarsa, na taɓa ganin wannan wasan.

Daga baya Anjelo ya ce tsofaffin da suka fi dariya su ne waɗanda suka ci yunwar yaƙi, shi ma a lokacin ya koyi cin ƙuda. Baba ya ce haka yake a wajenmu, bana da babu hatsi an fi yi wa akushin nan dariya fiye da kowace shekara. Ranar rabuwa Anjelo ya ba shi fuskar fata, shi kuma ya ba shi takobin katako da ragowar yaji. Suka rungumi juna a tasha, wannan karon Baba bai zille ba.

Sai a bas ɗin Kano zuwa Tsanyawa na samu bakin neman gafara. An yi ruwan farko muna can, mutane sun fito shuka. Na ce, "Baba, ka yafe mini ƙaryar takarda." Ya cire hula ya zaro ta, ta yi laushi don gumi. Ya ce, "Ai tun a zaure na ga fuskarka ta canja a layin ƙarshe. Washegari na kai wa Sani mai kemis ya karanta mini. Shi ma malalaci ya ce."

Na ce, "Ka sani, kuma ka tafi?"

Ya ce, "Malalaci ai an daɗe ana ce mini, ban rame don shi ba. Shekara goma sha biyu ina jin takunka yana zagawa ta layin 'yan tumaki. Na ce in kai ne tafinta, dole ka tsaya ka gani."

Na gode wa Allah da ya sa na yi kuskuren nan tun Baba yana da rai, na gode wa Kiyara da Anjelo da suka gyara mini ba tare da sun kunyata ni ba. Masu tambayar abin da na gano a Italiya, shi ke nan abin da na gano. Ran kasuwar da ta biyo baya na jiyo ganga a layin 'yan hatsi, na kutsa na tsaya a gaba. Wani baƙo da ya zo awo ya ga yadda nake dariya ya ce, "Malam, ka san shi ne?" Na ce, "Mahaifina ne." Baba ya ji, loma tana hannunsa, sai da ya ɗan dakata kafin ya kai ta baki.